Idan Watan Kyauta Ya Ƙare, Ina Waƙoƙin Da Na Sauke?

TAMBAYA: Salam Anti, ina wuni. Dan Allah na shiga gwajin kyauta na manhajar waƙoƙi ta Spotify ne, na yi ta sauke waƙoƙi da waifai ɗin makaranta tunda a gidanmu can Rikkos sabis sai a hankali. To yanzu gwajin ya kusa ƙarewa, waƙoƙin za su zauna min a waya ko kuwa? Kuma zan iya tura wa ƙanwata ta Xender? Daga Ummi, Jos.

AMSA: Wa'alaikissalam Ummi. Gaskiya ba za su zauna miki ba, gara ki sani tun yanzu. Abin da kika sauke ɗin nan ba MP3 ba ne irin wanda ake tura mana a memori a shagunan kasuwar Taminus ta Jos, fayil ne a kulle wanda manhajar ce kaɗai take iya buɗe shi, shi ya sa ko kin shiga ma'ajiyar wayar kin laluba ba za ki ga waƙa da sunanta ba balle ki tura wa ƙanwarki ta Xender ko Bluetooth. Haya kike yi, ranar da kuɗin haya ya ƙare sai a karɓe makulli.

Ko masu biya duk wata ma akwai sharaɗi a kansu, dole ne su hau intanet aƙalla sau ɗaya cikin kwana 30 don manhajar ta tabbatar har yanzu suna biya, in ba haka ba waƙoƙin da suka sauke su daina yi. Apple Music ma in kuɗi ya ƙare kulle su yake yi, sai dai waƙar da mutum ya saya da kuɗinsa a iTunes, shagon sayar da waƙoƙi na Apple, wannan kam tasa ce.

Amma jerin waƙoƙin da kika haɗa ba zai ɓace ba a Spotify, za ki koma tsarin kyauta ne, ki ji da data, ga talla a tsakani.

Abin da ya fi damuna shi ne katin ATM ɗin da kika sa lokacin rajista. Gwajin yana ƙarewa za su cire kuɗin wata da kansu ba tare da sun sake tambayarki ba, sai dai kawai ki ga alat, kuma goge manhajar daga waya ba ya tsayar da wannan ko kaɗan, mutane da yawa a nan suke faɗawa. Sai kin shiga akawun ɗinki kin soke da hannunki. Ki duba ranar ƙarewar ki soke da kwana ɗaya ko biyu kafin nan, kar ki yi saurin sokewa tun yau don gwajin kyauta yakan yanke nan take.

Tunda matsalarki sabis ce ki gwada Audiomack, waƙoƙi da yawa a can ana sauke su kyauta a ji babu data, har na mawaƙanmu na Arewa, amma su ma a cikin manhajar suke zama. Ƙanwar taki sai ta sa tata a wayarta.