Shin raunin garkuwar jiki ne ke kawo endometiriyosis?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Na daɗe ina fama da matsanancin ciwon mara lokacin al'ada, har asibiti suka ce endometiriyosis ce. Ƙawata ta ce an gwada a jikin ɓeraye an gano raunin garkuwar jiki ne. In sayi maganin ƙara garkuwa da ake talla? Daga wata baiwar Allah a Gusau.

Amsa: Sannu 'yar'uwa, Allah Ya ba ki lafiya. Ƙawarki ta ɗauko zancen amma ba ta kai shi ƙarshe ba.

Cutar ita ce nama mai kama da shimfiɗar cikin mahaifa ya tsiro a wajenta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana damun kusan mace 1 cikin 10 na masu shekarun haihuwa. Tun 1927 likita John Sampson ya ce jinin haila kan koma baya ta bututun ƙwai ya zuba cikin ciki. Sai dai hakan na faruwa ga yawancin mata, kaɗan ne kuma ke kamuwa. To me ya hana jikin waɗannan share ɓarɓashin?

Nan ɓeraye suka shigo. Ɓeran gwaji ba ya haila, don haka masana kan dasa masa naman mahaifa a ciki su sa ido. A Nairobi kuwa an yi aikin da gwaggon biri, wanda ke haila kamar mace.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne makarofaj, fararen ƙwayoyin jini masu haɗiye datti. A 2009 masana a Italiya sun rage su a jikin ɓeraye, sai naman ya kasa girma yadda ya saba. Ashe maimakon su cinye shi, sai su ɗauke shi kamar rauni mai neman jinya, su jawo masa jijiyoyin jini. A Edinbura kuma an gano suna fitar da sinadarin IGF-1 mai tsiro da jijiyoyin jin zafi, shi ya sa ciwon nan ba raki ba ne, ko kaɗan. Amma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba: wani bincike na 2021 ya nuna makarofaj ɗin da suka biyo naman daga mahaifa ne ke ciyar da shi, wasu kuwa suna daƙile shi. Ƙwayoyin NK, wasu fararen ƙwayoyin jini masu kashe ƙwayoyin da ba su dace da jiki ba, su kam aikinsu ne ya yi sanyi.

Kin ga ke nan garkuwar ba rauni kawai ta yi ba, wani sashenta cutar yake yi wa aiki. Don haka kada ki zuba kuɗinki a maganin talla. Ɓera ba mutum ba ne, kuma har yau binciken bai kai ga maganin da ake rubuta wa mata ba. Ki koma wurin likitan mata a asibitin tarayya da ke Gusau ku tattauna maganin zafi, na homon (sinadaran jiki masu sarrafa haila), ko tiyata. Idan kina neman haihuwa, ki faɗa masa tun farko, domin hakan zai sauya zaɓin.