Hukuncin ƙayyade kuɗin hayar gidaje a birane

Tambaya: Malam, ina da gidaje biyu da nake bayarwa haya, sai hukuma ta kafa dokar da ta iyakance ƙarin kuɗin haya. Shin dole ne in bi ta, alhali Annabi (SAW) ya ƙi ƙayyade farashi?

Amsa: Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Ɗan'uwa, hadisin da kake nufi ingantacce ne. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito daga Anas cewa kaya sun yi tsada a Madina, mutane suka nemi Annabi (SAW) ya yanke musu farashi, sai ya ƙi, ya bayyana cewa Allah ne Mai ƙayyadewa, kuma yana fatan ya haɗu da Ubangijinsa ba da haƙƙin kowa a wuyansa ba. Saboda haka asali shi ne haya yarjejeniya ce da ake ƙullawa bisa yardar juna, kamar yadda aya ta 29 a Suratun Nisa'i ta shardanta.

Sai dai tsadar Madina ba 'yan kasuwa ne suka ƙirƙire ta ba. Ashhab, almajirin Imamu Malik, ya ruwaito halaccin ƙayyade farashi daga gare shi, Ibnu Habib, malamin Malikiyya, kuma ya ce shugaba ya tara masu sana'ar, ya binciki abin da suke kashewa, ya bar musu ribar da ba za ta cutar da jama'a ba. Ibnul Ƙayyim ma ya ambaci gida ƙarara: idan mutane suka matsu ga zama a gidan wani, ba su da wani wurin, wajibi ne ya ba su, kuma ko waɗanda suka halatta masa karɓar kuɗin haya ba su yarda ya wuce kuɗin da ake biyan irinsa ba. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Kuwait a 1988, ta amince hukuma ta sa baki idan ɓarna ta bayyana a kasuwa.

Magidancin da aka ninka wa haya, ga iyali ga makarantar yara, kuma babu gidan da zai koma, sa hannunsa ba cikakkiyar yarda ba ce, kuma wannan shi ne abin da ya fi damuna a wannan mas'ala.

Don haka idan dokar ta bar maka riba da kuɗin gyara, bin ta wajibi ne, kuma ba ya halatta ka karɓi ƙari a ɓoye ko ka kori ɗan haya da dabara. Idan kuwa ta daskarar da haya shekara da shekaru har kuɗin ya zama ba a bakin komai ba, an tauye ka, kuma irinta tana sa a daina gini, gidaje su ƙara ƙaranci. A nan sai ka nemi gyara ta hanyar kotu ko hukuma, amma ka cika wa ɗan hayarka wa'adin da kuka ƙulla.

Allah ne Mafi sani.