Amsa: Chesty Puller da lambobin yabonsa

Ɗan'uwa, ka tambaya wane ne ya fi kowa lambobin yabo a rundunar sojojin kundumbala ta Amurka, wato Marine. Amsar ita ce Lewis Puller, wanda aka fi sani da Chesty. An haife shi a jihar Bajiniya a 1898, ya shiga soja a 1918 a matsayin kurtu, ya yi ritaya a 1955 yana Laftanar Janar.

Lambar Navy Cross, wadda ita ce ta biyu a daraja cikin lambobin jarumta na sojojin ruwan Amurka, guda biyar ya samu: biyu a Nikaragua, ɗaya a tsibirin Guadalkanal a 1942, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, inda bataliyarsa ta kwana cikin ruwan sama tana tare Japanawa kada su ƙwace filin jirgin Henderson, ɗaya a Cape Gloucester da ke tsibirin New Britain, ta ƙarshe kuma a Koriya a 1950, cikin sanyin da ke daskarar da bindiga. Amma bai taɓa samun Medal of Honor ba, wadda ta fi su duka daraja.

Ni dai abin da ke damuna shi ne yaƙin da ya yi da Japanawa a tsibirin Peleliu a 1944. Fiye da rabin rundunarsa sun mutu ko sun jikkata, kuma har yau masana tarihi na sukar yadda ya riƙa tura yaransa gaba da gaba. Ya rasu a 1971.