Aikin Appleton da abin da ya shafi rediyonmu

Ƙanena, ka tambaya wane ne Edward Appleton da malaminku na jami'ar Damagaram ke yawan ambato, da amfanin bincikensa.

Baturen Ingila ne, an haife shi a 1892, ya rasu a 1965. A Disamba 1924, shi da ɗalibinsa Miles Barnett suka yi amfani da tashar BBC ta Bournemouth, suna sauya zangon watsawa a hankali suna saurare daga Oxford. Sigina na isowa ta hanya biyu, ɗaya ta bi ƙasa, ɗaya ta dawo daga sama. Daga yadda sautin ke ƙaruwa yana raguwa suka auna shimfiɗar iska mai lantarki a sama, wajen kilomita 100 daga ƙasa. Daga baya ya gano wata sama da ita, shimfiɗar F, wadda ke maido da gajeren zango. Ya samu kyautar Nobel a 1947.

Akwai kuma shimfiɗar D, wadda ta fi sauran kusa da ƙasa: da rana tana shanye matsakaicin zango, da dare ta ɓace tashoshin nesa su shigo. A gajeren zango kuwa, da rana nemi mita 16 ko 19, da dare mita 41 ko 49.

A ganina aikinsa na 1946 ya fi shafar mu. Ya nuna lantarkin na taruwa wajen digiri 15 arewa da kudu da layin tsakiyar maganaɗisun duniya, kuma Zinder ba ta da nisa da layin. Bayan magariba iskar nan mai lantarki kan hargitse, GPS ya yi ta kuskure, musamman a watannin Maris da Oktoba. In za ka auna fili, yi shi da safe.