Amsa ga mai son fara ɗaga ƙarfe

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na saurari tambayar da ƙanenmu ya turo, cewa yana son ya fara ɗaga ƙarfe domin jikinsa ya murɗe, amma yana tsoron ya ji wa bayansa ciwo, kuma bai san nauyin da zai fara da shi ba.

Ƙanena, abin da ya fi jawo wa sababbi rauni shi ne ƙarfinsu yana ƙaruwa da sauri fiye da yadda jikin yake ginuwa. A makonnin farko za ka ga abin da ya gagare ka jiya yau ka ɗaga shi, sai ka ɗauka tsoka ce ta ƙaru, alhali yawanci ƙwaƙwalwa ce ta koyi yadda za ta sa tsokar da kake da ita ta yi aiki tare. Jijiyoyin da suke ɗaure tsoka da ƙashi kuwa sun fi tsoka jinkirin yin ƙwari. Wanda ya biye wa wannan ƙarfin na farko ya riƙa lafta nauyi, kafaɗa ko gwiwa ko ƙugu ne za su fara kokawa.

Saboda haka ka zaɓi nauyin da za ka iya ɗagawa sau 8 zuwa 12 ba tare da jikinka ya karkace ba, kuma ka ajiye shi kana jin da sauran ɗagawa biyu a hannunka. Ka yi haka zagaye 2 ko 3, kana hutawa minti ɗaya ko biyu a tsakani. Ka sani cewa babbar sandar ƙarfen da ake jera wa faifai, ita kaɗai kilo 20 ce, don haka babu abin kunya a fara da ita babu komai a kanta. Idan ka kai ga yin 12 cikin sauƙi a kowane zagaye, sai ka ƙara kilo 1 ko 2, ba 10 ba. Wannan ƙarin na kaɗan-kaɗan shi ne yake gina tsoka.

Game da baya, idan za ka ɗauki ƙarfe daga ƙasa, ka matso da shi dab da ƙafafunka, ka tura ƙugu baya, ka lanƙwasa gwiwa, ka ɗaure ciki, bayanka ya kasance a miƙe, sannan ka tashi da ƙarfin cinyoyi. Da zarar baya ya fara gantsarewa ko ya yi doro, nauyin ya fi ƙarfinka, ko da kuwa ƙarfen ya tashi. A ganina ya fi kyau mai horarwa ya tsaya ya duba ka a kwanakin farko, domin mutum ba ya ganin bayansa. Kada ka fizgi ƙarfe, kada kuma ka sake shi ya faɗo. Saukewa a hankali ma aiki ne ga tsoka. Ka fitar da numfashi lokacin ɗagawa, ka shaƙa lokacin saukewa. Idan kuma za ka kwanta a kan benci ka tura ƙarfe daga ƙirji, lallai wani ya tsaya a kanka, domin idan hannu ya gaza, a kan wuya ko ƙirji sandar za ta sauka.

Kafin duk wannan ka ɗumama jiki na minti 5 zuwa 10. Kwana 2 ko 3 a mako sun wadatar, kuma ka bar tsokar da ka wahalar ta huta kamar awa 48, domin a lokacin hutu take ginuwa. Barci na awa 7 zuwa 9 yana cikin aikin. A ɓangaren abinci, kimanin giram 1.6 na furotin (sinadarin abinci mai gina jiki) ga kowane kilo na nauyin jikinka a rana ya isa, wato mai kilo 60 yana buƙatar wajen giram 96, kuma ana samunsa a abinci na yau da kullum ba sai an sayi garin furotin na gwangwani ba.

Tsamin jiki bayan kwana ɗaya zuwa uku ba abin damuwa ba ne. Amma ciwo mai suka a gaɓa, ko jiri, ko ciwon ƙirji, alama ce ta a dakata nan take. Idan tsoka ta kumbura da ciwo mai tsanani, fitsari kuma ya yi duhu kamar ruwan shayi, a tafi asibiti a ranar, domin hakan yana iya taɓa ƙoda. Mai hawan jini, ko ciwon zuciya, ko ƙaba, ya fara ganin likita.

Akwai kuma masu tallar allura ko ƙwayar sitiroyid da sunan saurin murɗewa. Ka guje su, domin suna illata zuciya da hanta, suna kuma rage ƙarfin haihuwa ga namiji. Canjin da ido zai gani yakan ɗauki wata biyu zuwa uku na aiki ba fashi, saboda haka ka riƙa rubuta nauyin da ka ɗaga kowace rana, a nan za ka fara ganin ci gaban tun kafin madubi ya nuna maka. Wassalam.