Tambaya da Amsa: Neman Asalin Kakanmu Bafatake

Tambaya: Assalamu alaikum. A Zangon Kumasi aka haife ni, haka ma mahaifina. Abin da muka sani game da kakan mahaifina shi ne ya zo daga ƙasar Kano da fataucin goro, bai kuma koma ba. Ko takardun ƙidayar jama'a za su taimaka mini in gano garinsu da danginmu? Daga wani mai karatu a Kumasi, Gana.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba ka ladan wannan niyya ta sada zumunci, sai dai kada ka ɗora burinka a kan ƙidaya. A Amurka ana buɗe takardun ƙidaya masu ɗauke da sunayen mutane gida-gida bayan shekara 72, shi ya sa jikokin baƙi a can sukan ga sunan kakansu da shekarunsa da ƙasar haihuwarsa. A Gana kuwa, ko da yake Turawa sun yi ƙidaya a 1921 da 1931 da 1948, aka sake yi a 1960 bayan samun 'yanci, abin da za ka tarar a rahotannin da aka buga alƙaluma ne na yawan jama'a, ba sunayen magidanta ba.

Don haka ka fara da tsofaffin gidanku tun suna raye, musamman mata, domin su ne suka fi riƙe labarin aure da haihuwa. Ka tuna cewa tsohuwa ba za ta ambaci sunan mijinta ko na ɗanta na fari ba saboda alkunya, don haka sai ka haɗa laƙabin da ta faɗa da sunan yanka daga bakin wani. Ka tambayi kirarin gidanku da irin tsagar da ke fuskar kakan, sannan ka binciki ko Ba'agale ne ko Batokare ko kuwa daga Kambarin Barebari yake, tunda waɗannan su ne manyan fataken goro, kuma sanin haka zai rage maka garuruwan da za ka nema. Alhaji Alhassan Ɗantata, alal misali, Ba'agale ne daga Bebeji. Wata tambayar da ake yawan mantawa ita ce inda kakan naku ya fara sauka, domin fatake da yawa a garin Salaga da ke arewacin Gana suka zauna kafin yaƙin basasar 1892 ya watsa su zuwa Kete Krachi da Kumasi da wasu garuruwa, ta yiwu a can wani reshen danginku yake.

Daga nan sai takardun gida. Ka duba tsofaffin littattafan addini, domin malamai kan rubuta ranar haihuwar 'ya'yansu a gefe, mai kwafar littafi kuma kan sa sunansa da na mahaifinsa da garinsu a ƙarshe. Wasiƙun ajami da takardun fili da na rabon gado duk shaida ne, ka ɗauki hotonsu kafin gara ta cinye su. Haka kuma ka tambayi waɗanda suka koma Nijeriya lokacin korar baƙi ta gwamnatin Busia, Firaministan Gana na lokacin, a 1969, domin inda suka nufa yakan nuna inda tushen yake.

Idan ka samu sunan gari, ka je da sunayen kakanni uku a jere wurin dagaci ko mai unguwa da limamin garin, sannan ka leƙa Gidan Ɗan Hausa, gidan adana kayan tarihi a Kano, da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna.