Ga ƙanenmu mai tambayar Python ko JavaScript

Wa alaikumus salam, ƙanena. Tun jiya da daddare na ga tambayarka, na bari sai na samu natsuwa. Ka ce kana aji biyu a jami'a nan Gusau, kana son ka kama yaren kwamfuta ɗaya ka riƙe, amma wani ya ce maka Python, wani ya ce JavaScript, wani kuma ya gargaɗe ka kada ka kusanci PHP wai ya mutu. Ka kuma ce ka kasa gane yadda mutum zai sha wahalar rubuta manhaja sannan ya sake ta kyauta, to me zai ci? 'Yan'uwa a dandalin nan namu sun ba ka amsoshi masu kyau. Ni labari zan fara ba ka, don abin da na sani game da zaɓen yare a wani kantin magani na koye shi.

A 2013 na fara karɓar kuɗi da wannan sana'a. Aikina na farko wata makaranta ce mai zaman kanta da ke son a riƙa fitar da sakamakon jarabawa ba tare da malamai sun kwana suna lissafi da kalkuleta ba. Da yaren PHP da rumbun bayanai na MySQL na yi musu, na ɗora a kan wata tsohuwar kwamfutar tebur da ke ofishin shugaban makarantar. Idan na buɗe abin da na rubuta a lokacin, kunya nake ji. Babu tsari, layin umarni ɗaya sai in maimaita shi wuri biyar. Amma yana aiki.

A farkon 2021 kuma, lokacin ina ganin na ƙware, wani Alhaji mai sayar da magunguna a sari ya ba ni aikin manhajar lissafin kaya da bashi. Na ce wannan karon sai na nuna gwaninta. Na yi amfani da React, wani kayan aikin JavaScript na gina fuskar manhaja, na ɗora rumbun bayanan a wata saba, wato kwamfutar da ake kaiwa gare ta ta intanet, da ke Turai, na haɗa komai yadda nake gani a bidiyoyin YouTube. Alhaji yana iya ganin cinikin ranar a wayarsa ko yana Kano. Ya ji daɗi, ni ma na ji daɗi, har ina nuna wa abokai.

Sai ga farkon watan Satumba na 2021, aka rufe layukan sadarwa a Zamfara baki ɗaya saboda matsalar tsaro. Duk wanda yake garin nan ya san yadda aka yi: babu kira, babu data, masu POS sun naɗe tabarma. Kusan wata guda aka yi kafin sabis ya dawo cikin Gusau, ƙananan hukumomi kuwa sun fi haka daɗewa. Washegarin rufewar yaron shagon Alhaji ya zo har gida a kan babur, tun da ba halin waya, ya ce manhaja ta ƙi buɗewa. Ina za ta buɗe, alhali sunayen masu bashi da adadin katan-katan duk suna can ƙetaren teku? Mutum na tsaye a gaban kanta yana cewa dubu tamanin ake bin sa, yaro ba shi da abin da zai duba. Sai da na hau mota na tafi Sakkwato, na sauko da bayanan, na buga su a takarda, na dawo da su a jaka kamar ɗan aike. Suka koma littafi da biro. Alhaji bai yi mini faɗa ba, ya dai ce, "Malam, ashe abin naku sai da izinin Turawa yake aiki." Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

A cikin watan rufewar ne na bi ta makarantar can, na tarar tsohuwar kwamfutar tana nan tana tari, sakatare yana shigar da sunayen sababbin ɗalibai. Ba ta ma san an rufe sabis ba.

React bai yi laifin komai ba, kuma ba wai PHP ya fi shi ba ne. Ni ne ban tsaya na tambayi kaina ba: a ina wannan abu zai yi aiki, a hannun wa, da wace irin wuta, da wane irin sabis? Da na sake ginin manhajar, sai na yi ta yadda komai zai zauna a cikin kwamfutar shago da SQLite, wani ƙaramin rumbun bayanai, in an samu intanet ta tura kwafi waje, in ba a samu ba ta ci gaba da harkarta. SQLite ɗin nan wani Ba'amurke mai suna Richard Hipp ya fitar da shi a shekarar 2000, ya kuma bar wa duniya, ko lasisi ba a nema. Yana cikin wayar da ke hannunka yanzu, Android ce ko iPhone. Ka riƙe wannan, zan dawo kansa.

Yanzu ga ra'ayina kan yarukan, kuma ra'ayi ne, wanda ya ga dama ya musa.

In har ba ka san inda ka dosa ba tukuna, kama Python. Guido van Rossum, mutumin Holan, ya fitar da shi a 1991, kuma ya tsara shi yadda mai karatu zai gane abin da aka rubuta ba sai ya yi ta ƙirga baka da waƙafi ba. Dalilina na gida ne: aikin da ake samu a nan yawancinsa na bayanai ne. Ƙungiyoyin agaji da ke yawo a ƙauyukanmu da manhajar KoboToolbox ko ODK suke tattara bayanai a waya. Alƙaluman asibitoci a DHIS2 ake shigar da su, manhajar da Jami'ar Oslo ta Norway ke jagorantar gininta. Bayanan nan kullum a hargitse suke zuwa: Talata Mafara an rubuta ta iri huɗu, wani ya sa shekarun yaro 250. Wanda zai iya rubuta layi talatin na Python ya tsabtace abin da mutum uku za su yi mako suna gyarawa a Excel, ba zai rasa mai kiran sa ba.

In kuwa shafukan intanet ne suke burge ka, ba ka da mafita sai JavaScript, don shi ne yaren da kowace burauza take ji. Sai dai ka shirya haƙuri. Brendan Eich cikin kwana goma ya haɗa shi a kamfanin Netscape a 1995, kuma har yau ana ganin alamar gaggawar. Rubuta "5" + 1 ya ba ka 51, rubuta "5" - 1 ya ba ka 4. Amma ba wannan ne yake gajiyar da ni ba. Abin da ke gajiyar da ni jama'arsa ne, duk bayan 'yan watanni sai a fito da sabon salo a ce na jiya ya tsufa. Ka buɗe ƙaramin aiki, kafin ka rubuta layi ɗaya ya janyo ɗaruruwan megabait na kayan wasu. Mai sayen data da kuɗin aljihunsa shi ya san zafin wannan.

PHP kuwa, tun ina koyo ake yi masa sallar gawa, kuma har yau shi yake ɗauke da WordPress, manhajar gina shafukan intanet, wanda ke riƙe da sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya. Wikipedia, har da ta Hausa, a kan PHP take gudana. Facebook ma da shi ya fara a 2004. Da tsohuwar zuma ake magani. Yaren COBOL na 1959 ma yana nan a manyan bankunan duniya, balle PHP.

Masu son manhajar waya za su ce maka Flutter ko Kotlin. Suna da kyau. Ka dai duba kwamfutarka tukuna, don Android Studio, manhajar da ake gina su da ita, a kan RAM mai gigabait 4 azaba ce, kafin ya gama buɗewa an ɗauke wuta. Masoya Rust kuma, na san akwai biyu a cikinmu, Allah ya bar ƙauna. Yare ne mai kyau, har an karɓe shi cikin Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, a ƙarshen 2022. Amma ni ban taɓa ganin wanda ya zo nemansa daga Tsafe zuwa Gummi ba.

Kowanne ka ɗauka, ka yi wata shida ba ka waiwayi wani ba. Taura biyu ba ta taunuwa. Ka haɗa da SQL, yaren tambayar rumbun bayanai, da Git, mai adana tarihin duk gyaran da ka yi wa aikinka, waɗannan biyun ba sa cikin muhawara. Yare na biyu yana zuwa da sauƙi, ni makonni kaɗan na yi na kama Python bayan PHP, saboda tunanin ɗaya ne, lafazi ne ya bambanta, kamar Bazamfare ya je Zariya.

Sai maganar buɗaɗɗiyar manhaja, wato wadda ake saki kyauta kowa ya ga yadda aka rubuta ta har ya gyara, wadda ita ce ta fi ja mini hankali a tambayarka. Abin da ya fi kama da ita a wurinmu shi ne aikin gayya: yau a taru a gonarka, gobe a tawa, ba wanda ake biya, amma kowa ya kwashi amfani. Linus Torvalds ɗalibi ne a Helsinki lokacin da ya saki Linux a 1991, kusan sa'anka. Yau Android a kansa aka gina shi, haka mafi yawan sabobin intanet. Torvalds ɗin ne kuma ya rubuta Git a 2005. Shugaban Microsoft na wancan lokaci, Steve Ballmer, ya taɓa kwatanta Linux da cutar daji a 2001, sai ga kamfanin ya sayi GitHub, dandalin da ake ajiye irin waɗannan manhajoji, a 2018 kan dala biliyan 7.5. IBM kuma ya sayi Red Hat a 2019 kan dala biliyan 34, kamfanin da manhajarsa a buɗe take, abin da yake sayarwa shi ne kulawa da tabbacin cewa in abu ya lalace akwai wanda za a kira.

A ƙaramin mataki, haka nake ci ni ma. Ban taɓa biyan ko kwabo a kan PHP, Python, Linux ko SQLite ba. Da sai an saya, da dala, da ɗan Gusau irina bai shiga wannan sana'a ba. Abin da Alhaji yake biya na shi ne na san shagonsa, na san yaronsa ba ya son dogon rubutu, kuma in abu ya tsaya zan zo kafin la'asar.

Sai dai gayyar nan tana da ciwonta, kuma ba na son a riƙa ɓoye wa masu tasowa. A gayyar ƙauye kowa yana ganin wanda ya zo da wanda ya noƙe. A nan kuwa kamfanoni masu biliyoyi suna cin amfanin gonar da mutum ɗaya ko biyu ke nomawa da daddare bayan sun taso aiki. A Disamban 2021 aka gano ɓaraka a Log4j, wani ƙaramin kayan aiki da ke cikin manhajoji masu yawa, duniya ta rikice, sai aka tuna 'yan sa-kai ƙalilan ne ke kula da shi. Na watan Maris 2024 ya fi ban tsoro. Wata ƙaramar manhajar matse fayil mai suna xz, mutum ɗaya ne ya daɗe yana riƙe da ita har ya gaji. Wani ya shafe kusan shekara biyu yana taimaka masa, yana nuna kirki, har aka amince aka ba shi dama, sai ya dasa ƙofar baya a ciki, wato ɓoyayyiyar hanyar kutse cikin kwamfutocin mutane. Wani injiniya mai suna Andres Freund ne ya lura shiga wata kwamfuta yana ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa, ya bi diddigi, asiri ya tonu. Buɗewar ce ta ba ɓarawon hanya, ita ce kuma ta sa aka kama shi. Har yanzu in na tuna rabin daƙiƙar nan sai jikina ya yi sanyi.

Game da samun aikin dala daga waje, yana faruwa, na san waɗanda suka samu. Amma ka san daga ƙarshen 2022 zuwa farkon 2023 Meta ta sallami ma'aikata 11,000, Google 12,000, Microsoft 10,000, kuma da irin waɗannan kake takara. Ga ChatGPT da 'yan'uwansa da ke rubuta ƙananan ayyukan da a da ake ba sababbin shiga. Ina amfani da su kullum, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma wanda bai iya karanta kod ba, ba zai gane ranar da suka yi masa shirme ba, kuma suna yi, da cikakken ƙarfin hali. A wannan shekarar taka ta farko a koyon yare, ka fara rubutawa da hannunka, in ka maƙale sannan ka tambaye su.

Aikin gida kuma yana da nasa hali. Ka karɓi kafin alƙalami, ka rubuta a takarda abin da za ka yi da wanda ba ya ciki. Kalmar "ɗan gyara kaɗan" ta taɓa cinye mini wata huɗu a wurin wani mai makaranta, ragowar kuɗin kuma har yau muna gaisawa a masallaci.

In kana son wurin fara sa hannu a gayya, ba sai ka iya abu mai wuya ba. Manhajoji da yawa suna neman masu fassara su zuwa Hausa, Common Voice na Mozilla kuma yana karɓar muryoyin Hausa, karanta jimla kawai za ka yi.

Faɗa mini RAM nawa ne a kwamfutarka, kuma akwai wani a gidanku mai shago ko injin niƙa ko gona da ke rubuta lissafi a littafi? In akwai, ɗauko hoton shafi biyu na littafin, da shi za mu fara. Ina da Linux Mint, wani nau'in Linux, a filashi, in tsohuwa ce kwamfutar ka zo da ita ranar Asabar bayan azahar, ka taho da cajarka don tawa ba kowace take shiga ba.